BENCIN MAI SHAYI: ZAMAN BANZA KO ZUMUNCI?

 

Mai karatu, abin da ya jawo wannan ɗan rubutu wani kuka ne da maƙwabciyata ta shigo mini da shi ranar wata Laraba bayan la'asar, ina zaune a tsakar gida ina tsintar shinkafa. Yarinya ce ƙarama, aurenta bai wuce shekara huɗu ba, ɗa ɗaya a baya ɗaya a hannu. Ko gaisawa ba mu gama ba sai ta ce da ni, "Yaya, don Allah ki gaya mini, mi ag ga bencin mai shayi wanda babu shi ɗakina? Na yi shara, na yi turare, na tuƙa tuwo, amma da an sallame isha'i sai shi saɓa riga shi tahi, ba ni sake ganinai sai sha biyu ta gota. Kishiya ma ai kwana biyu ta ka samu, wagga kuwa kullum kwananta na."

Na yi dariya, amma ita ba ta yi ba. Na ba ta haƙuri irin namu na mata, na ce ta ci gaba da addu'a, ta tafi. Sai dai maganar ta ƙi fita daga raina, domin ni ma ban san amsar ba. Me namiji yake nema a kan katako mai ƙusa, cikin ƙura da hayaƙin itace, wanda ya fi masa katifarsa daɗi? Kuma zaman nan, alheri ne ko sharri? Na kwana biyu ina juya abin, ga kuma inda tunanina ya tsaya, in na yi daidai daga Allah ne.

Wanda bai san unguwarmu ba, bari in ɗan kwatanta masa. Kalambaina tana yamma da birnin Sakkwato, cikin ƙaramar hukumar Wamakko, kuma duk wanda ya ji sunanta siminti ne ke fara zuwa masa a rai. An kafa kamfanin simintin a 1962, ya fara aiki a 1967, saboda dutsen farar ƙasa da Allah Ya shimfiɗa a ƙarƙashin ƙasarmu. Yau yana hannun BUA, an ƙara sabon injin mai tan miliyan ɗaya da rabi a 2018, aka sake ƙara wani mai tan miliyan 3 a 2022. Injin siminti kuwa ba ya barci, saboda haka mutanen da ke kewaye da shi ma ba sa barci lokaci ɗaya. Wani yana tashi aiki da asuba, wani a lokacin yake shiga. Ga direbobin tirela da yaransu, daga Kano, daga Zamfara, daga Kebbi, wasu daga kudu, suna jiran layin lodi, wani ya kwana ya wuni bai san kowa a garin ba. Duk waɗannan mutane ciki gare su, kuma baki gare su da ke son magana. A nan mai shayi ya shigo.

Teburinsa kowa ya san shi. Tukunyar ruwan zafi a gefe, gwangwanayen madara da Bournvita an jera su kamar kayan ɗakin amarya, burodi a tsaye cikin leda, kiret ɗin ƙwai, kwalin Indomie, kaskon suya wanda ya yi baƙi ƙirin, sai rediyo a rataye tana jiran BBC ta kama. Da safe shayi da burodi, da rana in rana ta sassauta a sake hura wuta, da dare kuwa har sai mai shayi ya ga babu sauran mai zama. Bencina uku sun kewaye teburin, kuma a kansu ne ake yanke wa gwamna hukunci, a tsige shugaban ƙasa, a sayar da ɗan ƙwallo, a ɗaura aure a kuma kashe shi, duk kafin kofi ya huce.

To ni dai mace ce, ban taɓa zama a bencin nan ba, iyakata in gan shi ta cikin a-daidaita-sahu in za ni unguwa. Amma Allah Ya nufe ni da zama a ɗan'uwansa sau ɗaya a rayuwata. Shekarun baya mun je bikin 'yar ƙanwar mahaifiyata a Yamai, muka bi ta Illela muka tsallaka Birnin Ƙonni, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 daga Sakkwato zuwa iyaka ba. Washegarin biki sai yayar amarya, wadda ta yi karatun Faransanci, ta ja ni wani wuri da ta kira kafe. Ƙananan tebura ne a ƙarƙashin rumfa suna kallon titi, ana kawo gahawa a ɗan finjali da dogon burodin nan na Faransawa mai ƙaras-ƙaras. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne wata mata da na gani a kusurwa, da lulluɓinta tsaf, ita kaɗai, da littafi da biro, finjali ɗaya a gabanta. Muka yi fiye da awa ɗaya, ba ta ƙara sayen komai ba, ba wanda ya ce ta tashi, ba kuma wanda ya kalle ta sau biyu. Wallahi sai na ji wani abu ya tsaya mini a maƙogwaro, domin ni littattafaina duka a bakin murhu na rubuta su, ko cikin dare bayan yara sun yi barci, ina riƙe da tocila.

A nan 'yar'uwar tawa ta yi mini bayanin cewa wannan ɗabi'a ce ta Faransawa da suka bar wa ƙasashen da suka mulka. A can ƙasarsu kusan kowace unguwa da nata kafe, ana buɗewa tun da sassafe ba a rufewa sai dare ya yi nisa. Ma'aikaci ya tsaya a tsaye ya kurɓi gahawa ya wuce aiki, da rana a ci abincin ranar da aka rubuta a allo, da yamma tsofaffi su zo karanta jarida, da dare kuma masu shan giya su sha. Kuɗin finjali ɗaya ya saya maka kujera har sai ka gaji don kanka. Daga baya da na bi diddigi sai na tarar abin tsoho ne. A birnin Paris akwai wani mai suna Procope da aka buɗe tun 1686, har yau yana nan ana cin abinci a cikinsa. A ranar 12 ga Yuli 1789 a ƙofar wani kafe ne wani saurayi mai suna Camille Desmoulins ya hau tebur ya zuga jama'a, bayan kwana biyu suka fasa kurkukun Bastille, juyin juya halin Faransa ya kankama. A lokacin yaƙin duniya na biyu kuwa, marubuciyarsu Simone de Beauvoir a Café de Flore take wuni tana rubutu, saboda akwai murhun ɗumama ɗaki a wurin, masaukinta kuwa sanyi ya hana zama. Ashe dai ba ni kaɗai ce marubuciyar da ta taɓa neman wurin zama ba.

Wani abin mamaki, mai karatu, shi ne asalin abin ma namu ne na Musulmi. Sufayen ƙasar Yaman ne suka fara shan gahawa a ƙarni na 15 don su samu ƙarfin raya dare da zikiri. Daga nan ta shiga Makka da Alƙahira da Istanbul, aka buɗe gidajen shanta, kafin Turawa su san ɗanɗanonta. Kuma tun a lokacin aka fara wannan gardama da maƙwabciyata ta tayar. A 1511 mai mulkin Makka, Khair Beg, ya hana shan gahawa saboda tarukan da ake yi a kanta, daga baya aka janye hanin. A 1675 Sarkin Ingila Charles na biyu ya ba da umarnin a rufe gidajen gahawa don ana sukarsa a ciki, bai yi sati biyu ba ya janye. Kin ji, 'yar'uwa, ba ke kika fara jin haushin wurin nan ba, sarakuna ma sun ji, kuma sun gwada rufe shi sun kasa. Abin da sarki ya kasa kashewa kuwa, lallai akwai wata buƙata ta ɗan Adam da yake biya.

To mece ce buƙatar? Bari in fara da laifuffukan wurin tukuna, don kar a ce na sha shayin wani ne.

Na farko, cin amanar ciki. Akwai magidancin da zai bar wa iyalinsa kuɗin cefanen da bai isa miyar kuka ba, ya ce gari ya yi zafi, amma da dare ya zauna a fasa masa ƙwai uku, a dafa Indomie biyu, a haɗa shayi mai kauri wanda cokali zai tsaya a ciki. Ya goge baki ya koma gida ya tarar da tuwo ya ce ya ƙoshi, yaransa kuwa rabonsu da ƙwai tun sallah. Wannan ko da me aka auna shi zalunci ne. Hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim cewa a cikin dukiyar da mutum ke ciyarwa, wadda ta fi lada ita ce wadda ya ciyar ga iyalinsa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kaya suka yi tashin gwauron zabi, kuɗin shayin dare ɗaya na wani ya isa a yi wa yara kunu na kwana biyu.

Na biyu, harshe. Su maza suna cewa mu mata ne magulmata, to Allah Ya sa a ɗauki maganar benci ta dare ɗaya a kunna musu da safe su ji. Yarinya za ta wuce an aike ta sayen maganin sauro, kafin ta dawo an riga an faɗi wanda ke nemanta da wanda ya fasa da dalilin fasawar. Nawa aka hana aure da maganar benci? Nawa aka jefa wa zargi a zuciya ya koma gida ya saki matarsa?

Na uku, lokaci. Wanda ya kai ƙarfe ɗaya na dare yana gardamar Arsenal da Chelsea, ina zai ji kiran assalatu? Yaro kuma ya tashi bai san hirar uba ba, iyakarsa da shi tsawa da kuɗin makaranta.

Waɗannan duk gaskiya ne, kuma da a nan na tsaya da maƙwabciyata ta ce na biya ta. Amma adalci ya hana ni tsayawa, domin akwai wani abin da na gani da idona. A layinmu akwai wani dattijo, tsohon leburan lodi, matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna can kudu wajen neman abinci. Kullum bayan asuba yana kan benci, a gefe guda da kowa ya san wurinsa ne. Wata rana da sanyin hunturu bai fito ba. Mai shayi ya duba wurin ya sake dubawa, rana ta fito, sai ya ce da yaronsa, "Kai, tahi ka gano Baba, wanga shiru ba nashi na ba." Yaro ya tarar da ƙofa a kulle ta ciki, aka taru aka ɓalle, ga dattijo a ƙasa ya faɗi tun dare, ɓarin jikinsa ba ya motsi. 'Yan bencin nan, direba da ɗan acaɓa da maigadi, su suka haɗa kuɗi aka kai shi asibiti, su suka riƙa kwana da shi bi da bi har ɗansa ya iso. Mu da muke maƙwabtansa na katanga, da kunya nake faɗa, ba mu san abin da ake ciki ba sai da muka ji hayaniya. Wurin da ake lura in ba ka zo ba, mai karatu, ba na jin ya dace a kira shi wurin banza.

Haka kuma a farkon 2023, lokacin da aka canza takardun Naira tsabar kuɗi ta ɓace, mutum da kuɗinsa a banki amma yana neman ya kwana da yunwa, masu shayi da yawa littafin bashi suka buɗe. Ba takarda, ba shaida, ba mai tsaya maka, sai dai sanin fuska. Baƙon direban da ba shi da kowa a Kalambaina a benci yake jin inda ake gyaran taya, da hanyar da ba ta da lafiya, da masallacin Juma'a mafi kusa. Saurayin da ba shi da aiki a nan yake jin ana neman yaron mota. Kuma a kan katakon nan babu babba babu yaro, mai albashi da mai turin baro kofi iri ɗaya ake ba su, wanda ya riga zuwa shi ke da wuri.

Su kansu Faransawa sai da suka rasa abin suka san darajarsa. A 1960 suna da kafe wajen 200,000, yau ba su kai 40,000 ba, ƙauyuka da yawa babu ko ɗaya, tsofaffi suna zaune a ɗaka su da talabijin. Har ta kai a 2019 wata ƙungiya ta fito da shirin sake buɗe kafe 1,000 a ƙananan garuruwa, gwamnati ta mara mata baya. Maƙwabtanmu na Nijar kuwa tun shekarun 1990 samarinsu suka kafa abin da suke kira fada, a shimfiɗa tabarma a ɗora ɗan buta a kan gawayi, a sha shayi zagaye uku ana hira. Ko'ina ka je dai ɗan Adam yana son wani wuri wanda ba gida ba, ba kuma wajen aiki ba, inda ba a binsa kuɗin cefane, ba a kuma yi masa tsawar oga. Da can zaure ne ke biyan wannan buƙata, maigida ya fito da akushinsa, maƙwabta su fito da nasu a yi ciyayya. Yanzu gidan haya ciki da falo ne, babu zaure, sai benci ya gaje shi. Bambancin kawai, tuwon zaure daga tukunyar gida yake fitowa, abin da maigida ya ci shi yara suka ci.

Wani zai ce, ai kafen Faransawa da giya a ciki, me ya haɗa mu da shi? Gaskiya ne, kuma mu addininmu ya haramta ta, jihar Sakkwato ma tana kan shari'ar Musulunci tun 2000. Ba na kiran kowa ga kwalba, Allah Ya tsare mu. Amma a cire kwalbar a ajiye gefe, abin da ya rage shi ne kujera da abin sha mai zafi da mutumin da zai saurare ka, kuma waɗannan babu wanda ya haramta su. Annabi (S.A.W.) da kansa ya gargaɗi sahabbai game da zama a bakin hanya, da suka nuna masa ba su da wani wurin hira sai nan, bai kore su ba, sai ya gindaya musu haƙƙin hanya: a runtse ido, a kame daga cutarwa, a amsa sallama, a yi umarni da kyakkyawa, a yi hani da mummuna. Hadisin yana cikin Buhari da Muslim. Wato zaman kansa ba shi ne laifin ba, abin da aka yi a cikinsa da abin da aka bari a gida saboda shi, su ne abin tambaya.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi ci mini rai. Da na sake tunani sai na gane kukan maƙwabciyata ba duka a kan mijinta yake ba. Shi in ransa ya ɓaci yana da inda zai je ya sauke, ita fa? Daga ɗaki sai madafa, daga madafa sai ɗaki, sai ko an yi haihuwa ko rasuwa. Wayar hannu ta zama bencinmu, muna ta hira a WhatsApp da mutanen da ba za su san mun faɗi a ɗaka ba. Ba cewa nake mata su fito su jeru a teburin mai shayi ba, wannan ba tarbiyyarmu ba ce, ni ma ba zan yi ba. Amma mu a Sakkwato muna da abin koyi a gida, ba sai mun je Paris ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa 'Yan Taru, mata suna taruwa ƙarƙashin jagorancin jaji, suna karatu, suna duba marasa lafiya, suna jin matsalar juna. Ita ta gane tun wancan zamani cewa mace ma tana buƙatar wurin zama da 'yan'uwanta. Me zai hana a kowane layi a samu gida ɗaya, ko aji ɗaya na Islamiyya bayan an tashi, inda mata za su haɗu ko sau biyu a sati, a dafa shayi, a yi adashi, mai karatu ta yi, mai ɗinki ta yi, wadda ba ta zo ba a aika a dubo ta? Kuma maigidan da ke ba kansa awa huɗu kullum, da wane baki zai hana matarsa awa biyu a sati?

Saboda haka ga abin da nake roƙon 'yan benci, da girmamawa. Kafin ka ce a fasa ƙwai, tambayi kanka ko an fasa a gidanka yau, in ba a fasa ba, sa a ƙulle maka a leda ka kai a ci tare. Kafin ka buɗe baki a kan 'yar wani, tuna taka tana nan tafe. Kuma ka sa wa zamanka iyaka, ka koma gida tun idon iyalinka biyu, ka kai musu ko rabin labarin da ka jiyo, don ita ma tana son ta san abin da duniya ke ciki.

Maƙwabciyata ta sake shigowa bayan sati biyu, na karanta mata wannan rubutu tun yana cikin littafin makaranta. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Yaya, to ni ba ni iya gaya mishi wannan duka, amma in an buga ki ba ni guda in aje mishi bisa filo." Na ce ta kwantar da hankalinta, nata kyauta ne. Ranar Asabar mai zuwa kuma mu shida za mu fara haɗuwa a tsakar gidana bayan la'asar, ni ce da ganyen shayi da gawayi, ita ce da sukari.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, Ya tsare harsunanmu, Ya sa mu dace, amin. Kuskuren da aka gani a ciki nawa ne, a yi mini afuwa.